Lamba Tara

Ni tela ne, ban iya taka leda ba,
ƙafata keken ɗinki kaɗai ta sani.
Amma rigunan Kunamun Bagalam
shekara bakwai a shagona suke kwana,
shi ya sa fadarsu a ƙofata take zama
in an yi la'asar, bedi ya miƙe inuwa.

Shayin farko, mai ɗaci, Kalla ya karɓa:
"Bara na huɗu muka ƙare. Na huɗu!
Bayan ƴan Mokoyo da ko raga ba su da ita."
Barmo ya ce, "Ka manta bara waccan
da muka kwana a wutsiya?
Daga can zuwa nan ai tafiya ce."
"Tafiyar hawainiya."
"To, ta dai kama reshe."

Aka gangaro kan gola.
Arzika, tun da ya buɗe rumfar albasa,
tumbinsa ke riga hannunsa isa ƙasa.
Wani ya ce a canza shi, wani ya ce haba,
wa ya tare fenariti biyu a Tibiri
ranar da ruwa ya mai da fili fadama?
Ba a raba gardamar ba.
Gawayi ya cinye, aka ƙara.

Shayi na biyu ya zo da zancen da ake ta kewayewa.
Lawali Guguwa, mai lamba tara,
ƙwallo sha ɗaya a kaka guda,
ya hau motar Agadas bayan sallar layya,
yana can arewa, rami ya haɗiye shi, neman zinariya.
Kalla ya ciro waya ya danna, muka matso.
Iska ta fi muryar ƙarfi, amma mun ji:
"Ku gai da tela. Ya ajiye mini rigata.
Kafin a yanke gero ina tafe."
An yanke geron. Har an kai rumbu.

Ga kuma Ɗan Jimma,
mai tura baron ruwan sanyi a tasha,
shekara sha shida, hagunsa kamar an wasa ta,
wanda ya zura wa Barmo ƙwallo tsakanin ƙafafu
sau biyu,
ya waiwayo ya ce, "Yi haƙuri, Baba."

"A ba shi tara," in ji Barmo ɗin dai.
"Riga ba kushewa ba ce da za a riƙa kai mata ziyara."
Kalla ya dire kofi har kumfa ta zube:
"Mai ita bai mutu ba."
"Saura sati uku a busa usur.
Da saƙon waya za mu ci ƴan Zariya?"
Sai duk suka juyo suna dubana,
ni da ko bango ban taɓa ci ba.

Na ce a zuba na uku tukuna.
Aka juye gwangwanin karo-karo a tabarma:
jika sha biyu da ƴan canji.
Ƙwallo biyu, farar ƙasar zana fili,
ladan alƙali, ruwan leda.
Takalma sai wani jiƙon.
Sukari ya ratsa, Kalla ya sauko:
"Bana kofin nan Bagalam zai kwana."
Haka ya ce bara.
Muka ce amin, kamar bara.

Da fada ta watse na ja ƙofa,
na sa fitilar waya a baki,
na ciro rigar daga ƙasan akwati.
Har yanzu akwai jar ƙasa a kafaɗarta
da sabulu ya yi ya yi ya bari.
Na yanko farin ƙyalle, siriri kamar tsinke,
na tsayar da shi gaban tara.
Sha tara.
Ban hau keke ba, da allura na bi shi,
ɗinki sako-sako,
irin wanda haƙori ke warwarewa.
Faɗin da ya yi yawa na ninke ta ciki,
almakashi bai taɓa shi ba.

Gobe yaron zai zo gwaji bayan ya sai da ruwa.
Kafaɗunsa ba su cika ta ba tukuna.
Bakin zaren na bar shi ya ɗan leƙo
can wajen wuya,
inda ni kaɗai na san wurinsa.